Rabon Wuta a Tukunyar Alminiyum

Alminiyum ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, amma ba a tono shi tsantsa yadda ake tono zinariya. Kullum a ɗaure yake da iskar oksijin, ɗaurin da wutar gawayi ba ta kwancewa. Mutanen zamanin Nok, waɗanda aka sa wa al'adarsu sunan ƙauyen Nok na ƙaramar hukumar Jaba, sun narka tama da gawayi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kamar yadda tanderun da aka tono a Taruga suka nuna. Wannan dabara ta ci baƙin ƙarfe, amma ba ta cin alminiyum. Sai a shekarar 1886 wasu matasa biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, suka gano cewa wutar lantarki ce ke raba shi da oksijin. Hanyar tasu ce duniya ke bi har yau.

Tukwanen girki da ake sayarwa a kasuwannin Kafanchan da Zonkwa da Kachia, waɗanda maƙera ke zubawa daga tarkacen 'yan gwangwan, ba sabon ƙarfe ba ne. Tsoho ne aka sake narkawa, kuma zafin digiri 660 ya ishe shi. Sabon alminiyum, wanda daga shi ake samun kwanon rufi da firam ɗin taga da manyan wayoyin da ke kawo wuta gari, yana fitowa ne daga wani dutse mai suna boksait, irin wanda ƙasar Gini ke haƙowa da yawa a yankin Boke. Ana tace dutsen ya zama farin gari, alumina. Kusan tan biyu na garin ke ba da tan ɗaya na ƙarfe. Garin ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, don haka ake jiƙa shi cikin wani narkakken gishiri mai suna kirayolait, a zafin kusan digiri 960, sannan a ratsa shi da wuta.

Wurin da ake wannan aiki ma'aikata na kiransa tukunya. Doguwar kwatarniya ce ta baƙin ƙarfe, tsawon manyan na haura mita 15, an shimfiɗe ƙasanta da tubalan kabon. Wannan shimfiɗa ita ce katod. A kanta narkakken alminiyum ke kwanciya, zurfin kamar santimita 20. A kan ƙarfen narkakken gishiri yake, shi ma kusan haka. Daga sama kuma an rataye wasu manyan tubalan kabon, a jere sahu biyu, bakinsu tsome cikin gishirin. Su ne anod, kuma tukunya ɗaya na ɗaukar 20 zuwa 48. Wuta na shiga ta anod, ta ratsa gishiri, ta ratsa ƙarfe, ta fita ta katod cikin wasu sanduna na baƙin ƙarfe da aka binne a gindin tubalan. A kan hanyarta take sauke alminiyum ƙasa, oksijin kuma ya tashi ya ci kabon ɗin anod, ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid.

Ƙarfin turin wutar kaɗan ne, bolt 4 zuwa 4 da rabi, bai kai rabin na batirin mota ba. Yawanta ne abin mamaki. Dutsen guga na gida na jan amfiya 5 ko kusa da haka. Tukunyar alminiyum ta zamani na jan amfiya 300,000, akwai ma masu jan 600,000 a ƙasar Sin. Ana jera tukwane 200 zuwa 400 a layi ɗaya, wutar da ta fita daga gindin wannan ita ce ke hawa kan na gaba, kuma wuta ce mai tafiya fuska guda, wadda aka miƙar daga mai kai da komowa ta tashar lantarki. Tukunya ɗaya mai amfiya 300,000 na cin fiye da megawat ɗaya dare da rana. Tashar dam ɗin Gurara da ke ƙaramar hukumar Kachia, mai megawat 30, ko da an juya wutarta baki ɗaya, irin wannan tukunya 24 kacal za ta ciyar.

Jimillar wutar da ke ratsa layi a ƙayyade take, kowace tukunya na samun adadi ɗaya da maƙwabciyarta. Abin da ba a ƙayyade ba shi ne yadda wutar ke rabuwa bayan ta shiga. Idan tukunya na da anod 40 kuma tana jan amfiya 300,000, rabon kowane tubali 7,500 ne. Amma wuta ba ta san lissafi ba, inda turjiya ta yi ƙasa nan take tururuwa. Yanayin ya yi kama da na mutanen da suka taru ɗaukar jinka: nauyin ba ya raguwa don wani ya sunkuya, abin da ya sauke kan na kusa da shi yake komawa. Tubalin da ya ƙi jan rabonsa ya ɗora wa sauran ke nan.

Abin da ya fi tasiri a rabon shi ne tazarar da ke tsakanin gindin anod da saman narkakken ƙarfe. Tazarar ba ta wuce santimita 4 zuwa 5, kuma a cikinta ake kashe kaso mai tsoka na bolt ɗin tukunya, domin gishiri ba ya ba wuta hanya yadda ƙarfe ke ba ta. Tubalin da aka ɗaura ƙasa da sauran da santimita ɗaya ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na tazararsa, sai ya ja wuta fiye da kima. Wanda aka ɗaura sama kuma ya yi lalaci.

Akwai sauƙi ɗaya da tsarin ke bayarwa da kansa. Anod na cinyewa, kamar santimita ɗaya da rabi kowace rana, kuma wanda ya fi jan wuta ya fi saurin cinyewa. Da ya cinye, tazararsa ta buɗe, jansa ya ragu. Ƙaramin kuskure kan gyara kansa a cikin 'yan kwanaki ta wannan hanya. Babban kuskure kuwa ba ya jira. Dokar Joule ta nuna cewa in wuta ta ninka biyu a hanya ɗaya, zafin da take haifarwa ninki huɗu yake yi. Ƙafafun baƙin ƙarfen da ke riƙe da tubalin sai su yi ja, zubin da ya manne su da kabon ya saki, tubali mai nauyin tan guda ya faɗa cikin tukunya. Baƙin ƙarfen da ya narke ya gurɓata alminiyum, darajarsa a kasuwa ta faɗi, sauran tubala kuma su gaji wutar wanda ya tafi.

Ko ba a yi kuskure ba, rabon ba ya taɓa zama daidai cif, saboda sauyin anod. Kowane tubali na yin kwana 25 zuwa 30 kafin a cire guntunsa a sa sabo, don haka kusan kullum akwai baƙo a tukunya. Sabon tubali na zuwa da sanyi. Da an tsoma shi, gishiri ya daskare a gindinsa, daskararren gishiri kuwa ba ya wuce da wuta. Sai ya ɗumama, ɓawon ya narke, sannan ya fara ɗaukar kaya, kuma yakan kusa kwana guda kafin ya kai cikakken rabonsa. Domin haka ake ɗaura shi sama kaɗan da tsofaffin, gwargwadon abin da za su cinye kafin ya farka. Domin haka kuma ba a sauya maƙwabta biyu a jere: jadawalin na tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, don kada gefe ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya ɗauki zafi. Wasu masana'antu na ɗumama sabon tubalin kafin a sa shi.

A nan hannun ma'aikaci ya fi na'ura muhimmanci. Bayan an zare tsohon tubali, ɓaraguzan ɓawon gishirin da ya daskare a saman tukunya da ƙurar kabon na zuba cikin ramin. In ba a kwashe su tas ba, sabon tubali zai zauna a kansu, wani tsiro ya fito a gindinsa yana miƙewa ƙasa har ya taɓa ƙarfen. Daga nan wuta ta samu gajeriyar hanya, tana bi ta tsiron kai tsaye ba tare da ta raba ko ƙwayar alumina ɗaya ba. Kuɗin wuta na tafiya, ƙarfe ba ya ƙaruwa, tukunya na ƙara zafi. Aikin minti kaɗan da aka yi da ganganci ne ke jawo asarar kwanaki.

A gindin tukunya matsalar ta ɗauki wata siffa. Sandunan da ke kwashe wuta daga katod ta gefe suke fitowa, don haka wutar na son karkata zuwa bakin tubalan, kusa da mafita, ta bar tsakiya. Narkakken alminiyum kuwa yana ba ta hanya cikin sauƙi, sai ta kwanta ta bi shi a kaikaice kafin ta nutse. Illa biyu ke biyo baya. Ta farko, inda wuta ta fi taruwa nan kabon ya fi zaizayewa, a daɗe sai rami biyu su bayyana a gefunan shimfiɗar. Ranar da ƙarfe ya huda har ya kai ga sandunan, tukunyar ta mutu, kuma tukunyar da ya kamata ta yi shekara 5 zuwa 8 takan mutu da ƙuruciyarta ta wannan hanya. Illa ta biyu ta fi wuyar gani da ido, ita ce ta maganaɗisu.

Duk wayar da wuta ke bi tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta. Da amfiya dubu ɗaruruwa, ƙarfin ya kai a hana shiga ɗakin da agogon hannu ko katin banki, a kuma hana mai na'urar daidaita bugun zuciya kusantarsa. In maganaɗisun da ke tsaye ya haɗu da wutar da ke tafiya a kwance, sai su tura narkakken ƙarfen gefe. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ƙarfen da gishirin sun kusa nauyi ɗaya: lita ɗaya ta narkakken alminiyum kilo 2.3 ce, ta gishiri kuma 2.1. Ruwa biyu masu kusancin nauyi haka ba sa buƙatar turi mai yawa kafin iyakarsu ta fara kaɗawa.

Da zarar ƙarfe ya tasa a kusurwa ɗaya, tazara ta ragu a wurin, wuta ta ƙaru, rarar ta bazu a kwance zuwa inda ƙarfen ya faɗa, maganaɗisu ya sake tura shi gaba. Haka tudun ke zagaya tukunya, yana ciyar da kansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Sele, ya bayyana wannan zagaye a 1977, kuma bayaninsa na cikin ginshiƙan zanen tukwane na zamani. In kaɗawar ta yi ƙarfi, ƙarfe na taɓa anod lokaci-lokaci. Ko bai taɓa ba, motsin na mayar da wani ɓangare na alminiyum cikin gishiri, ya haɗu da kabon dayoksaid ya koma alumina. An biya kuɗin wuta an yi ƙarfe, ƙarfen ya sake zama gari.

Yawancin maganin wannan a kan takarda ake yinsa, tun kafin a kafa tubalin ginin. Manyan sandunan alminiyum da ke kai wuta daga tukunya zuwa tukunya ba kauri ɗaya ake yi musu ba. Hanya mai nisa ana ba ta sanda mai kauri, ta kusa kuma siririya ko mai zagaye, don turjiyarsu ta zo ɗaya, kowace sandar katod ta fitar da rabonta. Manyan tukwane ana jera su kafaɗa da kafaɗa maimakon kai da gindi, a hau da wuta ta wurare da yawa a gefe. Layin tukwanen da ke ɗakin kusa na jefo nasa maganaɗisun, sai a soke shi ta hanyar karkatar da wani kason wuta ta ƙarƙashin tukunya ko ta ƙarshenta, ko a zagaye layin da wata sanda ta musamman mai nata injin wuta. A cikin katod kuma ana cusa jan ƙarfe a sandunan don wuta ta yarda ta nutse ta tsakiya, ko a rufe bakin sandar da abin da ba ya wuce da wuta.

Sauran maganin na yau da kullum ne. Ana barin ƙarfe mai zurfi a tukunya bayan kwasa, domin mai zurfi ya fi natsuwa. Ana kula da daskararren gishirin da ke manne a bango, wanda shi ke kare bangon daga ci. In ya yi kauri ya miƙo ƙafa ƙarƙashin anod, ya toshe wa wuta hanya a gefe. In ya narke, gishiri ya fara cin bango. Ana kuma kiyaye zuba alumina. Na'urorin zamani na huda ɓawo su sauke kilo ɗaya ko biyu a kai a kai, don garin da ke cikin gishiri ya tsaya kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100. In ya yi yawa, ba ya narkewa, sai ya nutse ya zama laka a kan katod, wuta ta kauce wa wurin ta koma tafiya a kwance. In ya yi kaɗan, wata iska ta lulluɓe gindin anod, turin tukunya ya yi tsalle daga bolt 4 zuwa 30 ko fiye, tana fitar da iskar da ta fi kabon dayoksaid ɗumama duniya sau dubbai. A tsofaffin masana'antu ɗanyen itace ake cusawa ƙarƙashin anod don tururinsa ya kore iskar. Abin lura shi ne wannan ciwo kan fara ne daga tubalin da ya fi sauran jan wuta, domin shi ke rigan cinye aluminar da ke kusa da shi.

Aunawa ita ce idon masana'anta. Kwamfuta na karanta bolt ɗin kowace tukunya ba dare ba rana, daga nan take gane lokacin ƙara gari da lokacin sauke anod. In ta ga bolt na rawa, ta san ƙarfe na kaɗawa, sai ta ɗaga tubalan gaba ɗaya ta buɗe tazara. Tukunya takan natsu, amma da tsada, domin kowace milimita da aka ƙara wuta ce da ke zama zafi kawai. Kuma kwamfutar jimilla take gani, ba ta san wane tubali ne mai laifi ba. Shi ya sa ma'aikaci ke bin sahu da wani ma'auni mai baki biyu, yana dafa sandar kowane anod, yana karanta ɗan faɗuwar bolt tsakanin bakunan. Tun da sandunan kauri ɗaya ne, lambar da ta fi girma na nuna wanda ya fi ja. Sai a kwance shi a ɗaga kaɗan, ko a fito da shi a duba gindinsa. Sababbin masana'antu na liƙa wa kowane anod ma'auninsa na dindindin, don a ga ciwo tun yana tubali ɗaya.

Ribar wannan ɗawainiya a lissafe take. Bisa dokar Faraday, amfiya 1,000 a yini guda ba za ta ba da abin da ya wuce kilo 8 da ɗan ɗoriya ba. Tukunya mai kyau na samun kashi 94 ko 95 cikin 100 na wannan iyaka, wato kusan kilo 2,270 a rana ga mai amfiya 300,000. In rashin daidaito ya zaftare kashi ɗaya tak, kilo 24 ke nan a kowace tukunya kullum. A layi mai tukwane 300, asarar ta haura tan 2,600 a shekara, alhali kuɗin wuta bai ragu da ko kwabo ba. Tan ɗaya na sabon alminiyum na cin wutar da ta kai kilowat 13,000 zuwa 15,000 na awa guda, kusan rabinta kuma zafi take zama ta fita ta bango da rufi. Sake narka tsohon ƙarfe, irin aikin maƙeran kasuwa da kamfanonin da ke sayen kayan 'yan gwangwan, kusan kashi 5 cikin 100 na wannan makamashi yake buƙata.

Duk wannan lissafi a kan sharaɗi ɗaya yake tsaye: wutar da ke shigowa kada ta yanke, kada ta yi rawa. Wutar da ke raba alumina ita ce kuma ke riƙe gishiri a narke. In ta ragu, ɓawon bango ya yi kauri, rabon ya rikice. In ta ɗauke na awoyi kaɗan, gishiri ya daskare, ƙarfe ya bi baya, sai an fasa da injin haƙa. A watan Disamban 2016 wuta ta yanke wa masana'antar Portland da ke Ostireliya na sama da awa biyar, layi guda ya daskare, aka shafe watanni ana farfaɗo da shi. Buƙatar wutar da ba ta yankewa ce ta sa masana'antun Afirka suka rungumi manyan madatsun ruwa: Alucam a Edea ta Kamaru a kan kogin Sanaga tun 1957, da Valco a Tema ta Gana, wadda ta fara aiki a 1967 da wutar Akosombo, ta kuma sha rufe layuka duk lokacin da ruwan tafkin Volta ya ja baya.

Najeriya na da masana'anta ɗaya irin wannan, ALSCON, a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom. An kafa kamfanin a 1989, gwamnatin tarayya da Ferrostaal na Jamus da Reynolds na Amurka, da nufin fitar da tan 193,000 a shekara. Wannan adadi na buƙatar fiye da megawat 300 ba yankewa, ninki goma na Gurara, shi ya sa aka gina masa tasharsa ta iskar gas mai megawat 540. Ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999. Kamfanin Rusal na Rasha ya saye kaso mafi yawa a 2007, aka sake kunna wasu tukwane a 2008, aka sake kashe su a 2013, ana kukan ƙarancin gas, ga kuma shari'ar mallaka da kamfanin BFIG wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kanta a 2012. Abin takaici ne ƙwarai, domin ba injina kaɗai ke tsatsa ba. Ƙwarewar ɗaura anod daidai da karanta halin tukunya a bakin aiki ake koyonta, kuma ma'aikatan da suka iya sun watse. Duk alƙawarin farfaɗo da Ikot Abasi da bai fara da tabbacin gas na dare da rana da horar da sababbin ma'aikatan ɗakin tukwane ba, bai cancanci a ɗauke shi da muhimmanci ba.